Madam Lubabatu da Ƙwayar Aya Goma Sha Takwas

Duk ranar Laraba, tun mata ba su gama surfen safe ba, sai ka ji ƙarar moto, wato babur, daga hanyar Gangara. Yara su ruga suna "Madam! Madam!" Ita ce zaune a baya, akwatin allurar rigakafi bisa cinya, wata tsohuwar jaka shuɗiya rataye a kafaɗa. Madam Lubabatu ke nan, ma'aikaciyar lafiyar da ke zagayen ƙauyukanmu. In ta sauka ba ta zama sai ta bi tsofaffi ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan a shimfiɗa mata tabarma gindin itacen bedin ƙofar mai gari. Ta auna jarirai, ta duba masu ciki, ta yi allura, ta yi ma wadda ta ɓatar da karne, wato katin asibitin ɗanta, faɗa har sai ta rantse ba ta ƙarawa. In rana ta take, mai tuƙa ta ya fara duban sama yana tsaki, ita kuwa lokacin take buɗe shuɗiyar jakar nan. Ba magani a cikinta ko ƙwaya guda. Takardu ne.

Shekara ashirin da bakwai tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta aje. Shi ya sa na ce yau ko tuwon dare zai makara sai na rubuta. Sunana Zahra'u. A CM1, aji biyar, na bar lakol, makarantar boko ke nan, a waya nake dannawa, ga goyo a baya, inda na yi kuskure ku gyara a zuciyarku. Ina da labari, jiya-jiya ya faru, amma ku bari in ɗauko shi daga tushe.

Akwai yarinya a gidanmu, shekararta takwas. Ita ce ta fari, don haka kada ku jira sunanta daga bakina, za ku ji shi a bakin wasu. Yarinyar nan ba ta da ƙiriniya, ba ta zagi, ba ta faɗa da kowa. Amma ka aike ta sayen gishiri, sai ka iske ta tsugune tana kallon tururuwa, ta manta me aka aike ta. Kana mata magana tana kallonka, amma wallahi ba ta nan. Takalmi kuwa mun gaji, yau ƙafar dama ta ɓace, gobe ta hagu. A lakol ta maimaita CP, aji biyu, shekara ta biyu ma abin bai sake ba. Mushe, malamin aji, ya cika allo da rubutu, ita ta kwafi layi ɗaya da rabi ta tsaya. Bulala ta sha ta, a can da nan gida. Wasu suka ce sakarci ne, wasu suka ce iska ce, har rubutu mun karɓo ta sha.

Wata biyu da komawa lakol bara, maigidana ya dawo daga kabu-kabu ya ga sawun bulala a ƙafarta. Ya zauna ya ce, "In aka tafi hutun Disamba ba ta komawa. Ni ma shekara huɗu na yi ana jibgata a lakol ban fito da komai ba. Ba zan zura ido a yi ta dukan yarinya a banza ba. Ta zauna ta taya ki aiki."

Ni dai na san abin da barin lakol ya yi mini. Ko wannan rubutun da kuke gani, sai na yi ina sharewa.

Sabon mushen ajinsu ne, Mushe Hafizu, ya tare Madam wata Laraba ya gaya mata za a fidda yarinyar daga lakol. Ta ba shi takarda ta ce ya cika a kan abin da yake gani a aji, ita kuma ta yi sallama gidanmu da irinta. Ashe Madam ta taɓa zuwa Yamai ta yi horo a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, can ta koyo aikin takardun nan, ita da kanta ta zauna ta mai da tambayoyin Hausa da biro.

Ta iske mu tsakar gida, ni da uwar maigidana, Inna Mero, da maƙwabta biyu da suka shigo ganin me ya kawo Madam. Ta zauna ta ce tambaya goma sha takwas ce. Tara a kan tsai da hankali, tara a kan rashin zama wuri guda. Kowace tambaya amsarta huɗu: ko kaɗan, jefi-jefi, sau da yawa, ko kusan kullum.

"Maman Sumayya," ta ce da ni, "in ta fara aiki, takan bar shi ba ta gama ba?"

Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Ga uwar miji zaune. Ga maƙwabta. A ce in buɗe baki in yi ta bayanin ƴar fari, wai na lura da yadda take cin abinci da yadda take tafiya? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau take."

"In ana mata magana, takan yi kamar ba ta ji ba?"

"Lafiya lau."

"Takan ɓatar da kayanta?"

"A'a."

Alhali a lokacin takalminta ƙafa guda na bisa danga, ɗayar Allah kaɗai ya san inda take.

Inna Mero ta kasa haƙuri. Ita Bagobira ce daga Cadakori, bakinta ba ya da marfi, kuma tsakaninta da jikar nan sai tsiya. Ta ce, "Ke Madam, bar wagga, ni tambaye ni! Ƙawar tawa? Ai tun da munka zo duniya ba mu ga sakarya irinta ba."

Madam ta juya gare ta. "To Inna, takan kasa zama wuri guda?"

"Kullum!"

"Takan yi ta hawan abubuwa, tana guje-guje?"

"Kullum! Har bisa rumbu!"

Yarinyar da ko turmi ba ta hawa. Tana gefe tana dariya tana cewa, "Kai Inna, ƙarya kike, ke ce dai ba ki zama." Inna ta ce, "Kin ji ko? Rubuta, tana katse ma manya magana. Kullum!" Maƙwabta suka kwashe da dariya.

Haka Madam ta tashi da takarda biyu daga gida guda. Tawa ta ce yarinya ba ta da komai. Ta Inna ta ce babu abin da ba ta da shi. Daga baya Madam ta gaya mini cewa a ƙa'idar aikin, sai abin ya bayyana a wuri biyu, gida da lakol, kafin a ɗauke shi da muhimmanci. Da takardata aka bi, da an rufe magana an ce matsalar aji ce kawai, a bar ta. Da ta Inna aka bi, da an ɗora ma yarinya abin da ba nata ba. Wani ma'aikacin da ya zaɓi guda ya sa hannu ya hau moto. Wa zai tuhume shi?

Ita kuwa da ta kai bakin zaure sai ta tsaya ta waigo. Ta ce da maƙwabciyata a hankali, "Tun ɗazu ban ji ta kira sunan yarinyar ba. Ta fari ce?" Aka ce mata ta fari ce. Ta dafe kai ta ce, "Ni ce da laifi. Ni ma ɗan farina yau shekararshi talatin, ban taɓa kiran sunanshi gaban mutane ba. Na bi takarda na manta gida."

Madam Lubabatu, ke ce babbar ma'aikaciyar da na taɓa ji da kunnena ta ce "ni ce da laifi". Ban san ana yi ba.

Ranar Lahadi, ranar hutunta, sai ga ta. Ba akwatin allura, ba mai tuƙi, motar kasuwa ta shigo ta ƙarasa da ƙafa. Ta zaɓi lokacin da Inna ta tafi barkar haihuwa. Ta iske ni ina tsintar aya a faifai. Ta zauna ƙasa kusa da ni, ta sa yatsa ta tona ramuka huɗu a rairayi, a jere, kamar za a yi dara. Ta ƙirgo aya goma sha takwas daga faifaina ta zuba mini a hannu.

"Ba sai kin yi magana ba," ta ce. "Kuma ba a kan ɗiyar kowa nake tambaya ba. Wata yarinya ce a garin nan. Ramin farko, ko kaɗan. Na biyu, jefi-jefi. Na uku, sau da yawa. Na ƙarshe, kusan kullum. In na yi tambaya ki jefa aya inda kika ga ya dace. Ki tuna da wata shidan da suka wuce, ba jiya kaɗai ba. Ni ma ba zan kalle ki ba, ramin zan kalla."

Ta fara. "Yarinyar nan, in aka aike ta, takan manta aiken?"

Na jefa a na ƙarshe.

"Ƙaramin abu, ko tsuntsu ne ya wuce, yakan ɗauke mata hankali?"

Na ƙarshe.

"Takan gudu daga aikin da ke son dogon tunani?"

Na jefa a na uku.

"Takan yi ta surutu ba tsayawa?"

Na farko. Ai yarinyar nan sai ta wuni ba ka ji muryarta ba.

Wallahi tun ina jefawa a ɗarare har na saki jiki. Shekara takwas ina ganin abubuwan nan, na san su kamar tafin hannuna, ba wanda ya taɓa tambayata ta hanyar da zan iya amsawa. Kowace aya Madam na rubutawa a takarda. Da muka gama ta ƙirga. A cikin tara na tsai da hankali, bakwai sun faɗa ramuka biyun ƙarshe. A cikin tara na rashin zama, guda ɗaya tak. Ta ciro takardar Mushe Hafizu ta aje gefe. Shi takwas ya samu a na hankali, ɗaya a na zama. Mutumin da ban taɓa magana da shi ba, ga shi mun faɗi abu guda.

Na ce, "Madam, to hauka ne?"

Ta ce, "Ke rufe bakinki. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba ne. Kuma ban ce ga abin da ke gare ta ba tukuna. Takardar nan tiya ce, awo kawai take yi. Sai mun duba ido da kunne, mun duba jini, mun san yadda take barci da abin da take ci kafin ta tafi lakol. Akwai ma wata irin farfaɗiya da ke sa yaro ya yi tsit na ɗan lokaci. Duk sai an kawar da waɗannan, sannan likita ya yi magana."

Ashe duk abin nan maigidana na bayan danga. Ya zo gyaran ƙofar akurki ne, wadda ya fara tun kafin azumi. Sai ya yi gyaran murya ya leƙo.

"Madam, sannu da aiki. Wai tambayoyin nan na yara ne kaɗai?"

"Me ya faru, Malam Rabo?"

"A'a, ba komai. Na ji kamar da ni ake."

Madam ta dubi akurkin da ba ƙofa. Ta dubi katangar da ta tsaya a rabi. Ta dubi rumbun da aka yaɓe gefe guda. Ba ta yi dariya ba, ni ce na cusa fuska cikin mayafi. Ta ce akwai ta manya, gajera ce, tambaya shida. Ta share ramukana ta tona mishi sababbi, guda biyar wannan karon, ta ce haka ta manya take. Ya ce shi namiji ne, da baki zai amsa. Tambaya ta farko a kan ƙarasa aikin da aka fara ce. Ya dubi katanga, ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni ayar."

Da suka gama ya share ramukan da hannu. Can ya ce, "Shekara talatin da biyar ina tsammanin ni daƙiƙi ne."

Madam ta ce, "Daƙiƙi ke kwance injin moto ya mai da shi? Abin yakan bi jini, Malam Rabo. Kai ba wanda ya duba ka lokacin da kake yaro. Ita ga mu. Ka ba ni zuwa ƙarshen shekarar lakol."

Ya ce, "Na ba ki zuwa kompozisiyon, jarrabawar ƙarshe. Amma ba duka. Kuma in ba ta wuce ba, magana ta ƙare."

Ta ce ta yarda.

Daga nan fa aiki ya tashi. Madam ta duba mata ido da kunne, aka ɗibi jini, aka ce ya ɗan yi ƙasa aka ba ta magani, amma mantuwar na nan. Ta rubuta mana takarda zuwa wurin likita a Maradi. Shi ma ya yi nashi tambayoyin, ya karanta takardun nan, ya faɗi sunan abin da Faransanci, TDAH. Na sa Madam ta rubuta mini a bayan karne. Ta ce da Hausa mu ce wahalar tsai da hankali. Likita bai ba mu ƙwaya ba, ya ce a fara da gyaran yadda ake tafiyar da ita.

Madam ta je ta zauna da Mushe Hafizu. Aka ɗauko yarinya daga bayan aji kusa da taga aka dawo da ita tebur na gaba. In zai ba da aiki sai ya ɗan ƙwanƙwasa teburinta, ya raba mata aikin gida uku, in ta gama ɗaya ta nuna mishi. A gida kuma aike guda, ba uku ba, kuma sai ta maimaita da bakinta kafin ta fita. Takalmi da jakar lakol aka buga musu ƙusa guda bakin ƙofa. Inna Mero aka ba aikin yabo, tunda ni ba ni iyawa. Ranar farko ta ce, "Yau ƙawata ta kawo gishiri, gobe sai a yi ruwan sama." Madam ta ce ko wannan ma a karɓa. Bayan wata uku ta sake tona mini ramuka, don ta ga ko aya ta fara matsawa. Biyu sun matsa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ku tambayi Dija ta rugar yamma da gari. An kawo ɗanta ana cewa irin na ɗiyar Rabo gare shi, Madam ta yi mata tambayoyin da ɗan Fulatancin da ta iya, ta duba yaron, ta ce a'a, wannan kunne ne ke ruwa, ba ya ji sosai. Aka yi maganin kunne. Ku tambayi Usaini tela, wanda ya zo da kanshi ya ce a auna shi don ya ji labarin maigidana. Ta auna, ta ce mishi, "Kai naka rashin barci ne da shayi, je ka kwanta." Ba kowa take laƙaba ma suna ba. Wannan ma abin jinjina ne.

To, yanzu ga labarin jiya.

Jiya aka ba da sakamako. Shekaranjiya aka yi ruwan shuka, maigidana ya ƙi tafiya gona, wai moto yake gyarawa, moton da lafiyarshi lau. Wajen hantsi sai ga yarinya ta shigo, hannu biyu babu komai. Ba halin in tambaya, Inna na zaune. Inna ce ta ce, "Ke Sumayya, ina takardar?"

Ta dubi hannunta. Ta ce, "Af!"

Ta bar ta bisa tebur. Maigidana ya aje sifana, ya buɗe baki zai yi magana, sai ga sallamar Mushe Hafizu da keke, takarda a hannu yana dariya. Ya ce, "Malam Rabo, ta manta takarda amma ba ta manta karatu ba. Ta ashirin da ɗaya cikin sittin da takwas. Ta wuce CE1, aji uku."

Inna Mero ta saki guɗa har kaji suka watse. Maigidana ya karɓi takardar ya juya ta gaba ya juya ta baya, ya ce, "To. Ba mai fidda ta. Ko ni ne na ce a fidda ta, kada ku yarda." Ni kuwa na tashi na shige ɗaki kamar na manta wani abu, na rufe ƙofa, na yi abin da na yi.

Ba na ce ta warke ba. Madam ta gaya mana abin ba ya tafiya kamar zazzaɓi, koyon zama da shi ake yi. Yau da safe ma sai da aka bi ta da biro. Amma tana lakol.

Madam Lubabatu, uwar marasa baki. Ke ce kika zauna ƙasa da zanenki mai tsabta. Ke ce kika gane shiruna ba rashin sani ba ne, kika gane surutun Inna ba shaida ba ne, ba ki raina ni ba, ba ki raina ta ba. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba. Ba a taɓa yanka miki ko zakara ba. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai lafiya, ya sa ɗiyanki su yi miki fiye da haka.

Ku kuma matasan ma'aikata da za ku gaje ta, don Allah kafin ta tafi ku je ku zauna ta koya muku. Takardar kowa na iya karantawa, yadda ake tambayar mutanenmu shi ne aikin. Malaman lakol, kafin ku ɗaga bulala ku tuna akwai abin da ake aunawa. Mata ƴan'uwana, in kuna da yaro irin wannan ku kai a duba shi, saura Laraba biyu Madam ta aje, kuma ko bayanta kada ku fasa.

Ni dai Madam, kin san ba zan iya tsayawa tsakar gida in yabi yarinyar nan ba, ko da ta zama likita. Tun jiya yabon ya cika mini baki ba inda zan kai shi. Ga shi nan duka, ki karɓa, naki da nata.